Hannun Gado Ba Ya Kwana Da Yunwa

Duk wanda ya zauna a Fereej Abdel Aziz, unguwar 'yan ci-rani a ƙasar Larabawa, a shekarun korona ya san Gado Ƙaura, in kuwa bai san shi ba, to bai leƙa ƙofar ɗaki ba. Gajeren tsoho ne, ya ba wa sittin baya, wuya kamar turmi. Bai taɓa zama a aji ba, amma shekara ashirin da biyu ya yi yana dambe tun daga Ƙaura har Maraɗi, kuma gwiwarsa ba ta taɓa sanin ɗanɗanon ƙasa ba. 'Yan bindiga sun tare motarsu a hanyar Gusau, sun sare shi a kafaɗa, da ƙafarsa ya isa gari. Korona ta shiga ɗakinsu su takwas ta zubar da samari kamar buhunan gero, shi kwana uku ya yi yana tari, ya miƙe yana dafa musu shayi.

Gadi yake yi a wani zauren taro a unguwar Al Mirqab. Da ƙyar kafil, mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, ya sabunta masa takardar zama saboda shekaru, shi ya sa Ɗalhatu, shugaban masu gadin, kullum sai ya ja masa kunne.

"Baba Gado, ƙara ɗaya aka kai a kanka, khalas, jirgi ne zuwa gida. Ba wanda zai iya tsaya maka."

"Ni da yaro na taɓa faɗa?" in ji Gado.

Da gasar ƙwallon duniya ta zo, hanyar bakin teku ta Corniche ta cika ba masaka tsinke, sai Turawa suka kama zauren mako guda don nuna al'adunsu. Ga zane-zane a bango, ga goge irin nasu mai sa hamma, ga malaman jami'a suna lacca daga safe har la'asar. Ranar Laraba aka ware wa damben duniya. A cikin masu jawabi akwai Na'ima, wata ɗaliba 'yar Sakkwato da ke binciken wasannin gargajiya. Ita ce ta tsaya a ƙofa ta ƙura wa hannun daman Gado ido, ta ga yatsu sun lanƙwashe, gaɓoɓi sun yi kanta.

"Baba, wannan hannun ya sha zare."

"Ya sha, ɗiyata, ya kuma shayar."

Ta roƙe shi ya hau dandamali a ɗaure masa hannu Turawa su ga yadda ake yi. Ya girgiza kai. Ya ce maigidansa na dambe ya kafa masa doka tun yana saurayi: hannun da aka ɗaure ba a kwance shi da yunwa, sai ya ci. Na'ima ta yi dariya, ta ce ai nuni ne kawai. Ɗalhatu ma ya ce yalla, ya hau, masu taron sun nemi alfarma.

Ya cire rigar aiki. Ta naɗa masa ƙyalle, shi ya karɓi zaren da haƙori da hagu ya ɗaure abinsa, don ɗaurinta na lalle ne. Ta yi ta bayani da Turanci, tana nuna dama tana cewa wannan mashi, hagu garkuwa, kuma duk wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an kashe shi.

Sai wani Baturen Polan ya taso, jibgegen ƙato mai jan gemu, wanda aka kawo ya nuna damben ƙasarsu. Ya ce a gwada, a hankali, taɓi-taɓi. Haka suke koyarwa a can, wai a shafi mutum a bar shi. Na'ima ta fassara.

"Ce masa mu ba mu da taɓi-taɓi," in ji Gado.

Ba ta faɗa wa Baturen ba. Ta danna wayarta, kalangun dambe ya fito ta lasifika, irin kiɗan da Sabo makaɗinsu yake zuba masa a kakar gero. Gado ya ji gashin jikinsa ya tashi. Ya tuna jirgi, ya danne.

Bature ya shiga rawa a kan yatsun ƙafa. Ya shafi goshin Gado da safar hannunsa mai laushi. Aka yi dariya. Ya sake shafar hancinsa. Aka ƙara dariya, wata tsohuwa mai tabarau har da tafi. Gado yana tsaye, garkuwa a gaba, mashi a baya, yana haɗiye abin da ya fi maɗaci. Daga bakin ƙofa Ɗalhatu yana ɗaga masa hannu biyu, yana cewa haƙuri, haƙuri.

Na uku ne ya ɓata wasan. Bature ya ture shi a ƙirji, ba da ƙarfi sosai ba, amma dandamalin santsi ne da shi, kuma takalmin aiki ba ƙafar ɗan dambe ba ce. Gado ya zame. Gwiwarsa ta nufi ƙasa, saura faɗin yatsa biyu. A wurin mutanen zauren wannan ba komai ba ne, tsoho ya yi tuntuɓe. A wurin Gado kuwa abin da mazan Zamfara da na Gobir suka kasa ne zai faru a gaban masu ɗaukar hoto, a hannun mai shafa.

Ya taka da hagu, ya tashi da mashi tun daga ƙugu.

Ƙarar kamar an sauke taɓarya a kan ƙwarya. Leɓen Bature ya tsage, haƙori ɗaya ya yi tsalle ya faɗa gaban malaman layin farko. Amma ƙaton bai faɗi ba, gaskiya namiji ne. Ya tofar da jini, idonsa ya juye, ya manta da lacca. Ya auka wa Gado da hannu biyu, dama da hagu, dama da hagu, irin ruwan duka da ba a yi a gida. Girar Gado ta fashe, jini ya rufe masa ido ɗaya. Naushi ya same shi a haƙarƙari, ya ji ƙashi ya amsa. Mata suna ihu, kujeru suna kifewa, Na'ima tana ta danna waya kalangu ya ƙi mutuwa.

Gado bai ja da baya ba. Ya dafa garkuwa a kan jan gemun nan ya auna, kamar mahauci yana neman gaɓa. Ya bari Bature ya sake jefo hagu, ya sunkuya, ya aika masa mashi ƙarƙashin kunne.

Ƙato ya tafi gaba ɗaya. Ya bugi teburin malamai, kwalaben ruwa da takardu suka watse, ya kwanta rub da ciki, jini yana bin farin dandamali. Wani farfesa ya rarrafa ƙarƙashin kujera yana laluben tabaransa.

Gado ya ɗaga hannu sama, jini na ɗiga daga haɓarsa, ya yi kirarin da ya shekara goma sha biyar bai yi ba: "Sai ni Gado na Ƙaura, dutsen da ya karya garma! Kowa ya shafa ni ya kwanta!" Sannan ya sa haƙori ya kwance zaren a natse, ya naɗe shi ya sa aljihu.

"Baba, ka kashe kanka!" in ji Ɗalhatu.

"A'a, shi na kashe. Tambayi ɗiyata, ita ta karanta dokar."

An kai Bature asibiti aka ɗaure masa muƙamuƙi. Da ya farfaɗo ya rubuta a takarda cewa ba ya ƙara, shi ya nemi wasa. Wannan ta raba Gado da ɗauri, amma ba ta raba shi da jirgi ba. Bayan kwana tara kafil ya soke takardarsa.

Na'ima ta zo Fereej Abdel Aziz ranar tafiyarsa, ta tarar yana cusa kaya a jaka, gira a ɗinke, yana numfashi da gefe ɗaya. Ta durƙusa tana kuka tana neman gafara.

"Tashi, ɗiyata. Na faɗa miki hannun nan ba ya kwana da yunwa, kika ce nuni ne." Ya ja zif ɗin jakar. "In za ki sa ni a littafin naki, ki rubuta da kyau. Yatsa biyu ya rage. Gwiwata ba ta taɓa ƙasa ba."