Hannu Talatin da Takwas

Hannu ɗari da ashirin nake buƙata kafin in rubuta kundin digirina na uku. Duk karaya iri ɗaya: ƙashin bayan hannu da ke riƙe ƙaramin yatsa, wanda ke karyewa idan mutum ya faɗi a kan hannun ko ya naushi bango. A asibitinmu simintin ɗori ake sa wa irin wannan hannun, mako huɗu, tun kafin a haife ni. Tambayata ita ce ko ɗaure ƙaramin yatsan da na kusa da shi da filasta kawai zai wadatar. Ban sani ba. Farfesan da ke duba aikina ma bai sani ba, shi ya sa ya yarda a yi.

Ƙa'idar ɗaya ce: ba ni ke zaɓa ba, ba majinyaci ba. Akwai akwatin ambulan a ɗakin ɗori, kowace da takarda a ciki, an rubuta siminti ko filasta. Idan mutum ya amince ya sa hannu, a ɗauki ta gaba a buɗe. Abin da ya fito shi ke nan.

Talata da Alhamis ina koyarwa, sai na bar akwatin wurin Baba mai siminti. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin nan. Farin gari ya zauna a gindin farcensa, sabulu ya daina fitar da shi. Yana ce mini Likita a gaban mutane, 'yata idan mu biyu ne. Bai taɓa sukar binciken ba, iyakarsa ya ce boko ya kai mu inda takarda ke yi wa ƙashi magani.

Mun kai hannu casa'in da shida Farfesa ya ce in jera masa su bisa sana'a. Na jera da hantsi, shayina na huce a gefe. Magina, 'yan dako, kafintoci, bakanikai: kusan duk siminti. Ɗalibai da ma'aikatan ofis: filasta. Na ware ranakun da ni ke buɗe ambulan, na ga abin a gauraye yadda ya kamata. Na ware Talata da Alhamis, hannu talatin da takwas, babu magini ko ɗaya a filasta. Sa'a ba ta yin haka.

Ranar Alhamis na sallami ɗalibaina da wuri na sauka ɗakin ɗori. Wani ɗan dako na zaune a benci rungume da hannunsa. Baba ya juya masa baya, ya kunna akwatin hasken da muke duba hoton ƙashi, ya ɗora ambulan a kai. Rubutuna ya fito raɗau. Ya mayar da ita, ya ɗauki ta bayanta, ya sake dubawa, sannan ya yaga.

Na jira ya gama ɗorin, mutumin ya fita.

"Baba, tun yaushe kake haska su?"

"Tun makon farko," in ji shi, yana wanke roba. Ko kai bai ɗago ba.

Bai ɗauki abin laifi ba. Ya ce duk wanda ya buɗe wa ambulan abin da ke ciki ya yi masa, bai taɓa sauya ko ɗaya ba. Amma ɗan dako idan ka liƙa masa filasta gobe da safe yana ƙarƙashin buhu. Siminti ne kaɗai ke zaunar da shi, don matarsa za ta gani, ubangidansa zai gani. Mai biro kuwa ko zare ka ɗaura masa zai warke.

Na ce masa wataƙila gaskiyarsa ce, amma abin da nake son in gano ke nan, kuma yanzu ba zan iya ba. Ya share hannu ya dube ni.

"Wato na yi miki ɓarna, 'yata?"

"Hannu talatin da takwas."

Ya zauna a bencin majinyata. Ban taɓa ganinsa a kai ba.

Da yamma na gaya wa maigidana yana gyara wa autarmu keke a tsakar gida. Ya tambayi wa ya sani. Na ce ni da Baba. Ya tambayi wata nawa zai ci mini in an zubar da hannayen, na ce wata takwas, ko tara. Ya ce shi dai ya riga ya gaya wa 'yan ofis ɗinsu bana zai zama mijin mai dakta biyu, amma zai iya komawa ya janye. Bai ce in yi shiru ba, bai ce kar in yi ba. Ya miƙo mini sifana in riƙe masa.

Na yi tunanin shirun, ba zan ɓoye ba. Lissafin da ke hannuna ya nuna filasta ta fi, kuma mai karatu ba zai gane ba. Sai dai wani likita a wani wuri zai karanta ya liƙa wa magini filasta saboda ni, alhali ban gwada ta a hannun magini ba.

Da safe na shiga ofishin Farfesa. Ya saurara har ƙarshe, ya tambayi wa ya sayi ambulan ɗin. Na ce ni. Farare, marasa kauri, kuma ban sa musu lamba ba. Ya ce to ɓarnar tamu ce mu uku, shi ma bai duba ba. A cire talatin da takwas ɗin, mu koma hamsin da takwas, a sanar da kwamitin da ya ba mu izini, a rubuta abin da ya faru a cikin kundin yadda ya faru. Ya ƙara da cewa maganar tsohon nan abin aunawa ce: daga yau a riƙa tambayar kowa ranar da ya koma aiki.

Sababbin ambulan masu kauri ne, da lamba a goshi. Baba da kansa ya yanka kwalin da aka sa a cikinsu da almakashin bandeji, ya gwada kowace a hasken, ya mayar da huɗu ya ce a ƙara musu.

Talatar da ta biyo na tsaya tare da shi. Magini ne ya fara zuwa, bulo ya faɗo masa. Na yi masa bayani, ya amince. Baba ya ɗauki ta gaba ya yaga, ya karanta, ya ɗan ja tsaki. Ya ɗauko filasta, ya sa auduga tsakanin yatsun, ya naɗa a hankali.

"Malam, wa ke gida?"

"Matata."

"Ba ni lambarta. Idan ka taɓa cebur kafin Likita ta ce, zan ji."

Na rubuta hamsin da tara a littafin, na hau sama wurin ɗalibaina.