Luguden Gidan Baba Shitu

"Cire mini abin nan, wannan ba gidanmu ba ne," in ji Baba Shitu daga kan katifa, yana ture hannun Raliya.

Raliya, 'yar maƙwabtansa mai karatun anformatik, wato ilimin kwamfuta, ta ji kamar ta fashe da kuka. Tun da likita ya ce a koma da tsohon gida a ci gaba da addu'a, burinsa ɗaya ne: ya sake ganin gidan ubansa na tsohon Zongo da aka rushe. Ita kuwa ta gina masa shi a kwamfuta daga tsofaffin hotuna, ta ɗaura masa kaske, tabaran nan mai rufe ido ruf ya kai mutum wani wuri. Ko tsagar bango ba ta manta ba.

"Mi ya ɓace, Baba?"

"Tsakar gidan ta tsuke. Kuma kurma ce. Gidanmu bai taɓa shiru ba."

Raliya ta fita a guje, ko takalmi babu. Kafin ka ce me, layi ya ɗauka: Baba na son hayaniyar gidansu. Iya Fatsuma ta mirgino turmi bakin taga, Jibrilla makanike ya ta da tsohuwar mobilet ɗinsa, 'yar babur mai tarin fuka, wata mai ɗanwake ta hau kiran ciniki da Mosanci, yaren Mosawa. Aka mayar masa da kaske, Iya Fatsuma ta soma daka.

Tsohon nan, da numfashi ma ke yi masa wuya, sai ga shi da faɗa.

"Taɓarya ɗaya? Gidan da fataken goro ke sauka? Lugude ake yi!"

Mata biyu suka ƙaru. Taɓare uku suka shiga karɓa-karɓa, ana cillawa sama ana tafi ana cafewa, dariya har titi.

"Wala, yawwa, bango ya ja baya," in ji shi cikin murna. "Ga faɗin nan. Raliya, ga Inna can tana yayyafa wa goro ruwa."

Raliya ta dubi allon kwamfuta, inda hoton ke juyawa duk inda ya juya kai. Babu kowa a tsakar gidan, ba ta zana mutum ko ɗaya ba. Daɗi da tsoro suka kama ta lokaci guda.

Ya ɗaga hannu kamar mai sallama, ya yi kalmar shahada a hankali. Hoton ya gangara, ya tsaya cak a kan ƙofar ɗakin Inna. A waje, matan ba su sani ba tukuna, suna ta lugude.