Zuman Sammani

"Shigo mana, Malam Armaya'u, tun hantsi yake cigiyarka," in ji Turai, ta ɗaga asabarin ɗakin mijinta.

Armaya'u ya sunkuya ya shiga. Ga Sammani, maƙwabcinsa na shekara arba'in, kwance a gadon kara, ya rame sai idanu. Amma wai murmushi yake yi! Armaya'u ya ji ransa ya sosu.

Kowa a Runka ya san su biyun da sana'ar zuma. Dajin Ruma suke shiga tare, amya iri ɗaya suke saƙawa, su shafe ta da kashin shanu, su turara, su ɗora a bishiya. Ta Sammani ta cika har tana ɗiga, ta Armaya'u kuwa sai ƙadangaru. Shekarar da maharan Maraɗi suka faɗo garin, rumbun Armaya'u ya ƙone ƙurmus, wutar ta iso dangar Sammani ta mutu. Hassada kam ya yi ta, har ta hana shi ƙiba. Abu guda ya riƙe shi bai zauce ba. Kullum yakan gaya wa kansa, "Yana da komai, amma bai san daɗinsa ba, tunda bai taɓa rasawa ba. Ni ko loma ɗaya na samu, na san abin da na ci." Yau so yake ya ji hakan daga bakin mai shi, kafin a makara.

Ya durƙusa. "Sannu, Sammani. Na zo mu yafi juna."

"Mi ka yi mani?"

"Shekarar fari, na sauke amyarka daga kan kiryar nan na ɗora tawa. Taka na kai bishiyata. Na zaci asirin a turarenka yake."

Sammani ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da Turai ta ba shi ruwa. "Mai ƙaramin bakin nan? Ashe taka ce! Wallahi tulu biyu na cika da ita. Tawa fa?"

"Gara ta cinye."

"Allah sarki. Na yafe, duniya da lahira."

Armaya'u ya matso. "Tsakaninka da Allah, zuman nan yana maka zaƙi kuwa? Mutum bai taɓa nema ya rasa ba..."

"Zaƙi?" Sammani ya lumshe ido. "Ban taɓa lasa ban ji shi har ƙeya ba. Kullum kamar ranar farko. Na ji daɗin duniyar nan, Armaya'u, alhamdu lillahi."

Da mari aka ɗauke Armaya'u da shi, da ya fi masa sauƙi. Ya yi masa addu'a a gurguje ya fita. Bayan azahar Sammani ya cika, da kalmar shahada a bakinsa.

A Runka maƙwabci ne ke fara saran kabari. Maƙabartar kuwa tsakuwa ce zalla, ga rani, ƙarti kan kai la'asar sakaliya suna fama. Armaya'u ya ɗauki gatarin haƙa, kuma, Allah ya yafe masa, daɗi yake ji a ransa: nan dai Sammani zai gamu da tauri.

Ya kai sara. Ƙarfen ya nutse kamar a fadama. Ya matsa gefe ya sake, haka dai.

"Allahu akbar!" in ji Hashimu, babban ɗan mamacin. "Baba, dubi ƙasar nan, sai ka ce gari!"

Armaya'u ya yi ta haƙa, ya hana kowa karɓarsa, yana kasa kunne ko ƙarfen zai daki dutse sau ɗaya.

"Ya isa haka, Baba. Fito."

Ya tsaya cikin ramin, ƙasa mai sanyi ta rufe masa yatsun ƙafa. Ya buɗe tafin hannuwansa yana dubawa. Ko ja ba su yi ba.