Sifirin Motar Col

Warwick ya juya birkin salansar a hannunsa, ya ajiye a kan benci.

"Ba zan ɗaura ba, Yaya."

Noelene ta dubi ƙanen nata. Tun da mijinta Col ya rasu bara, ita ke tuƙa tsohuwar motarsa mai shan dizal, tana jan tirelar dawaki. Makon jiya a gangaren Toowoomba birkin ƙafa ya ɗau zafi har ya saki, ga dawaki biyu a baya. Ta tsaya dai, amma a cikin tsakuwar da aka zuba a gefen hanya domin motocin da suka ƙwace. Ranar Asabar kuma akwai gasar dawaki a Gatton, can ƙasan gangaren.

"Dalili?"

"Abin nan hayaƙi yake toshewa, iska ta koma ta danne injin, mota ta rage gudu. In sifirin bawul ɗinki ba su da ƙarfi, iskar za ta tura bawul ya buɗe, fistin ya taso ya same shi. Shi ke nan, sai ki nemi tsintsiya ki share injinki."

"To canza sifirin."

"Sai an aiko daga Brisbane. Mako guda."

"Buɗe ka duba tukuna."

"Shekara ashirin da biyu ina gyaran motar nan. Na fi sanin cikinta a kan cikin firijina."

Noelene ta jawo wata tsohuwar taya ta zauna, ta zuba shayi daga fulas. Warwick ya san wannan zaman tun suna yara. Ya ɗauki sifana ya kwance murfin injin.

Ya daɗe a sunkuye. Ya haska tocila, ya ciro sifirin ɗaya ya gwada a ma'auni, ya sake gwadawa.

"Masu ƙarfi ne," ya ce. "Irin waɗanda birkin nan yake so."

"Kai ka sa?"

"A'a."

Ta tashi ta buɗe aljihun gaban motar, ta zaro littafin da Col yake rubuta gyare-gyare. Ba ta taɓa buɗe shi ba. A shafin ƙarshe ya rubuta: sifirin, saboda birkin Noel. Kwanan watan kuwa sati biyu ne bayan likita ya faɗa musu sakamakon hoton huhunsa.

Shekara takwas tana cewa a sa wa motar birkin salansa, Col yana cewa direban da ya san giya ba ya bukata.

Warwick ya leƙo ta kafaɗarta, ya ga hatimin gareji a ƙasan shafin.

"Brodie," ya ce. "Col ya wuce ƙofata ya gangara har Gatton wajen Brodie. Mutumin da ko facin tayar keke sai ya tambayi matarsa."

"Da kai ya kawo wa, kafin ya iso gida na ji."

Warwick ya auna maganar.

"Haka ne," ya ce.

Ya kwanta a kan katako ya shige ƙarƙashin motar. Can ya miƙo hannu waje.

"Ba ni sifana mai lamba sha uku, Yaya."

Noelene ta tsaya a gaban akwatin kayan aikin, lambobin duk sun haɗe mata saboda ƙwalla. Ta ɗauki ɗaya ta sa masa a hannu.

Sha bakwai ce. Warwick ya karɓa, ya ajiye a gefensa, ya laluba aljihunsa yana neman sha ukun.