Shafuka Huɗu na Marigayi

Tun da maigidanta ya rasu, Mai Ɗinki ba ta yarda kowa ya taɓa wayarsa ba. A cikin ƙaramar burauzar da yake shiga intanet da ita, wata mai hoton kifi wadda babu mai amfani da ita a layin sai shi da taurin kansa, ya bar shafuka goma sha bakwai a buɗe. Kullum da safe takan goge fuskar wayar da bakin zaninta, ta duba abin da ya karanta: maganin ciwon gwiwa, dashen lemo, keken ɗinki mai lantarki da bai taɓa gaya mata yana nema mata ba. Guda huɗu take tattali, ba ta leƙa su ba tukuna.

Ita kuwa babbar burauza, wadda ta cinye kasuwa, ta ishe ta da naci kamar dillali: "Dawo wurinmu." Sai ta ja tsaki. Wannan kirki haka kawai? Akwai wata a ƙasa!

Ranar Talata da hantsi ta duba, babu kifi, babu shafuka.

Ta fara tsare autarta. "Ke ce kullum kike cewa tsohon yayi ce."

"Wallahi Mama, ko cajinta ban taɓa ba."

Ba ta yarda ba. Ta zari mayafi sai shagon Mai Gyara, wanda ya canja wa wayar batir makon jiya.

"Da wa ka haɗa baki? Masu babbar burauza suka ce ka cire mai kifin?"

"Haba Mama, ni wa ya san da zamana?" Ya karɓa ya daddanna. "Babbar ce ta saye kamfanin kifin ta rufe shi. Sun turo tambaya, aka danna 'Na amince'. Yau, shida da minti goma."

"Wa ya danna?"

"Wa ke riƙe da ita a lokacin?"

A lokacin Auta na barci. Mai Ɗinki ta sunkuya ta dubi bakin zaninta da ta goge wayar da shi da sassafe.

"Huɗu kawai nake so, ɗan nan."

Ya girgiza kai. "Waɗanda aka adana suka kwaso. Shi bai adana ba, a buɗe ya bar su."

Wayar ta kawo haske a hannunta: "Barka da zuwa." Hawaye ya ɗiga a kan gilashin. Ta kamo bakin zani za ta goge, sai ta saki.