Gansakukar da Ya Kankare

Sati guda Baban Auta ya yi yana kankare gansakuka daga jikin kawarsa. Kawa ita ce 'yar halittar nan mai ɓawo biyu da ke manne wa duwatsun bakin teku, ruwa ya hau ya rufe ta, ya janye ya bar ta a rana. Gonarsa ke nan, duwatsun da ya jera da hannunsa.

Auta, 'yar da ta rage masa a gida, ta ce in kawar bana ta yi kyau za ta zauna su ci gaba tare, in ba haka ba za ta bi yayyenta kamfanin kifin gwangwani a birni. Shi ya sa zama ya gagare shi. Ya kankare, ya rarraba waɗanda suka cunkushe don kowace ta samu sarari ta yi ƙiba.

Gwaggo, tsohuwar da duwatsunta ke maƙwabtaka da nasa, kore shar kamar an yi watsi da su, ta tsaya tana kallonsa.

"Wanka kake musu? Saura ka shafa musu mai."

"Ke dai ƙazanta ta yi miki yawa, Gwaggo."

"To, mai tsabta. Allah ya taimaka."

Sai zafi ya sauka, janyewar ruwa kuma ta faɗo daidai tsakar rana. Dutse ya ƙi takuwa. Kawa takan rufe baki gam da ɗan ruwa a ciki, ta jira teku ya dawo, amma tasa ba inuwa, ba 'yar'uwa a gefe. Rana ta uku wari ya tarye shi tun daga hanya. Sun wage baki, naman ya dahu a ciki.

Ya ɗaga gansakukar Gwaggo da yatsa. Ƙarƙashinta da sanyi da laima, kawa a cure, baki a rufe.

"Da kin gaya mini," ya ce.

"Ai na yi maka magana."

"Tsiya kika yi mini, Gwaggo, ba magana ba."

Tsohuwar ta duƙa ta mayar da gansakukar yadda take.

Auta ta iso da kwando, ta duƙa tana tsintar masu rai. Ko gindin kwandon ba su rufe ba.

"Baba, ba laifinka ba ne."

"Na wa ne, to?"

Ta ci gaba da juya ɓawo, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗago ba.

"Motar Asabar zan bi," ta ce.

Ya dubi gindin kwandon.

"To," ya ce. "Allah ya tsare hanya."