Waƙar da Ta Maƙale a Keken Ɗinki

Tela ya kai shekara hamsin da biyu bai taɓa haɗa baiti ko ɗaya ba. Matarsa ce ta jefa shi cikin wannan wahala. Wata rana tana shanya ta ce, ba da faɗa ba, "Shekara ashirin da shida, maigida, ban taɓa jin kalma mai daɗi daga bakinka ba. Kullum sai 'ina almakashina?'"

Ya sayi littafi da biro, ya ƙudura zai yi mata waƙa. Kwana uku yana zama, abin da ya rubuta bai wuce sunanta ba, sai awon wuyan wani mutum a gefe.

Rana ta huɗu yana taka keke, yana haɗa hannun riga, sai ya ji bakinsa yana bin ƙarar. Ƙafa ta taka, kalma ta fito. Kafin ya rufe shago baiti huɗu sun zauna daram.

Ya koma gida, ya tsaya gabanta, ya gyara murya. Babu keke, babu waƙa.

"Tari ne?" ta tambaye shi. "In kawo ruwa?"

Washegari ya lallaɓa ta ta raka shi shago. Ya zaunar da ita a bencin masu jira, ya cire zare daga allura, ya fara taka keken babu komai a kai. Ya rera har ƙarshe, idonsa a kan allura.

Ta goge ido da bakin mayafi, ta ɗauko riga daga tarin ɗinki ta miƙa masa.

"Sa wannan a keken, kada takun ya tafi a banza. Kuma ka sake daga farko."